Ranar da Tsohuwa Ta Shiga Ofis

Karo na goma sha huɗu ke nan Mashkura na danne maɓallin kashe kwamfutar ofis da babban yatsa, tana riƙe shi har allon ya yi baƙi. Ta jira kaɗan, ta sake kunnawa. Kwamfutar ta farka garau, ko gezau. Ba a taɓa yin mutumin da lafiyar na'ura ta ba shi haushi kamar yadda ta ba Mashkura a safiyar wannan Litinin ba.

"Ke, za ka kashe wannan abu fa," in ji Kindness, abokiyar aikinta ta teburin kusa, 'yar Binuwai da ta tsinci Hausarta a kasuwar Garki. "Tun safe kana danna, kana danna. Wetin e do you?"

"So nake ta lalace."

Kindness ta dube ta sama da ƙasa. "To, Allah ya ba da sa'a."

Kamfanin nasu ƙarami ne, mutum goma sha ɗaya a hawa na uku na wani bene a Area 11, kuma abu ɗaya suke yi: wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, sunanta Allura, da ke taya masu rubuta kod aiki, wato umarnin da kwamfuta ke bi. Ka ce ta rubuta, ta rubuta. Ka ce ta share tarkace, ta share. Sai dai Allura, duk da zaƙin bakinta, ba ta san wane yanki na kod ke kiran wane ba sai an gaya mata. Mai gaya matan shi ne abin da 'yan sana'ar ke kira language server, wanda a ofis suka gajarce zuwa saba: wani shiri da ke bin aikin mutum layi-layi, ya haɗa jerin duk abin da ke ciki da kuma inda ake amfani da shi. Haɗa Allura da saba shi ne aikin Mashkura wata bakwai cur. Kafin zuwanta Allura kame-kame take yi, ta ƙirƙiro sunan abin da babu shi, ta kuma dage a kai. Mashkura ce ta raba ta da wannan halin, kuma tana alfahari da hakan, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Sai ga ƙorafi ya fara shigowa, har goma sha tara cikin mako uku, duk iri ɗaya: an ce Allura ta share tarkace, ta haɗa da abin amfani. Mafi muni shi ne na wani Malam Manniru daga Bwari, mai kula da manhajar wani ƙaramin asibitin haihuwa. Allura ta cire masa yankin da ke aika wa masu juna biyu saƙon ranar awo, aka kwana biyu babu wadda aka tuna wa. Ranar Juma'a ya tako da ƙafarsa, ya tsaya a tsakiyar ofis ya wanke su tas. Bayan fitarsa mai kamfanin, Oga Abdulmajeed, ya yi magana ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya ce kafin saba ba a taɓa kawo masa irin wannan ƙarar ba. Zuwa ƙarfe huɗu na ranar Litinin, ko a nuna masa inda ciwon yake, ko a cire saba daga Allura. Bai ce komai a kan mai sabar ba, amma babu wanda bai gane ba.

Abin da ke cin ran Mashkura shi ne ta san inda ciwon yake. Tun ranar Asabar ta sani.

A gidansu da ke Kuje tana da wata laftop da ta yi jami'a da ita, wadda take kira Tsohuwa. Batirinta ya mutu tun shekarar bautar ƙasa, sai a jikin wuta take rayuwa. Ranar Asabar da hantsi tana gwada Allura a kanta, saba tana tsakiyar rubuta jeri, aka ɗauke wuta. Tsohuwa ta mutu nan take. Da aka dawo da wutar bayan la'asar, Mashkura ta kunna, sai ta ga abin da ya sa ta miƙe tsaye: rabin jeri ne kawai a ajiye, amma an buga masa hatimin cewa ya kammala. Allura kuwa ta gaskata hatimi. Duk yankin da masu kiransa suke cikin rabin da ya ɓace, sai ta ɗauke shi a matsayin shara. Kuma ba saba ce ke buga hatimin ba. Ma'ajiya ce, wato ɓangaren da ke adana jerin, wanda Oga Abdulmajeed ya rubuta da hannunsa tun kafin a yi kamfanin, ya kulle, ba mai taɓawa sai shi.

A ofis kuwa ba a ɗauke wuta. Akwai sola a saman bene, akwai inbata tana gunji a lungu dare da rana, kuma kowace kwamfuta sabuwa ce dal, mai gama jeri kafin ka ƙifta ido. Mutum goma sha ɗaya suna rubuta manhaja don mutanen Kuje da Bwari, a cikin ɗakin da wuta ba ta taɓa ko da ƙyaftawa ba.

To me zai hana ta faɗa? Dokar gidan. Kod ɗin kamfani ba ya fita daga ofis, ba ya hawa na'urar da ba ta kamfani ba. Wata uku da suka wuce an sallami Hafizu, wanda ya fi kowa iya aiki, saboda an ga fulash na kwafar bayanai a aljihunsa. Ita kuwa Mashkura wata biyu ke nan tana da kwafin Allura ta cikin gida, wadda ma'aikata kaɗai ke taɓawa, a cikin Tsohuwa. Ba don cin amana ba. Dole ta bar ofis ƙarfe biyar in tana son samun motar Kuje, alhali mazan da ke zaune a Garki suna nan har bayan isha'i, don haka take cike giɓin a ranakun hutu. Allurar da ake sayar wa kwastoma ba ta nuna cikinta. Da ita za a ga ɓarna kawai, a ce ai ga shi, sabar ce. Ta cikin gida ce kaɗai ke nuna wanda ya buga hatimi.

Shi ya sa tun safe take neman sabuwar kwamfuta ta mutu a daidai gaɓar. Ta loda mata aiki mai nauyi, ta rage mata gudu, ta kashe ta a farko, ta kashe ta a tsakiya. Shegiyar na'urar sai ta ƙarasa rubutunta tsaf kafin ta mutu.

Ƙarfe goma sha ɗaya ta gyara mayafinta ta ƙwanƙwasa ƙofar gilashin oga.

"Oga, ina da magana a kan saba."

"Kin samo?" Bai ɗago daga allonsa ba.

"Ina jin wuta ce. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta jeri, ma'ajiya tana iya..."

Yanzu ya ɗago. Ba mugun mutum ba ne Oga Abdulmajeed. Shi ne ya biya wa mai gadi kuɗin aikin ido, kuma bai taɓa zagin ma'aikaci ba. Amma yana da wata tambaya da duk ofis suka haddace, kuma ta san tana tafe.

"Zato kike yi, ko kin gani da idonki?"

Ta gani da idonta, har sau uku, don ranar Lahadi da kanta ta riƙa zare wayar tana maimaitawa.

"Zato ne, Oga."

"Ba na buɗe ma'ajiya saboda zato, Mashkura. Shekara huɗu tana aiki, not one bug. Nuna mini."

"Na'urorinmu sun cika sauri. Da za ka ba da izini a sa ta cikin gida a wata tsohuwar kwamfuta, ko na awa ɗaya..."

"Muna da tsohuwar kwamfuta a nan?"

"Babu. An rabar da su bara."

"To ta wa?"

Ta sunkuyar da kai.

"You know the rule," in ji shi a hankali. "Ke kika kama wa Hafizu kwalinsa har ƙasa, ban manta ba. Ƙarfe huɗu, in sha Allahu."

Ta koma mazauninta. Tagogin ofishin ba sa buɗuwa, an liƙe su saboda sanyin na'ura, kuma yau ta ji iskar ɗakin ba ta isar ta. Ta tuna shekara uku da ta yi tana yawo da takardu a Abuja kafin ta samu wannan kujerar. Ta tuna mahaifiyarta, wadda ba ta san mene ne kod ba amma duk wanda ya shigo gidan sai ta gaya masa 'yarta ce ke koya wa kwamfuta hankali. Tsoro ya kama ta sosai.

Bayan azahar ta sauka bayan bene, ƙarƙashin bishiyar da Batulu ke sayar da shinkafa da wake. Batulu Bazazzagiya ce, ta haura hamsin, kuma babu ma'aikacin layin da ba ta san yadda yake son yajinsa ba. Da safe Mashkura ta bar mata ajiyar jaka a ƙarƙashin benci, don Baba Sabo mai gadi yana duba jakar kowa a ƙofa. Ita kanta ba ta san abin da ya sa ta ɗauko Tsohuwa daga Kuje ba, tunda ta rantse wa kanta ba za ta shiga da ita ba.

"Wannan jakar taki kamar dutsen niƙa," in ji Batulu tana zuba mata abinci. "Sau biyu ina tuntuɓe da ita. Ci mana, 'yar nan, kin zuba wa shinkafa ido."

"Inna, ba na jin yunwa."

"Wa ya taɓa ki?"

"Ba kowa. Wani abu ne ya lalace a wajen aiki, aka ce laifina ne. Na san ba nawa ba ne, shaidar tana cikin jakar nan. Amma yadda na samo shaidar laifi ne. In na yi shiru a kore ni, in na yi magana a kore ni."

Batulu ta rufe tukunya, ta goge hannu a zaninta. "Duk biyun kora ce?"

"Duk biyun."

"To ai da sauƙi. Ki duba wadda za ki iya shiga gida da ita ki kalli uwarki." Ta juya wajen wani direba da ke miƙo kwano. "Kai kuma na nawa?"

Mashkura ta daɗe a kan bencin. In ta yi shiru, za a cire saba, ƙorafi ya tsaya, Allura ta koma kame-kamenta, kuma har abada a ofishin nan za a riƙa cewa wata yarinya ce ta taɓa kawo wani abu da ya kusa rusa su. Wata bakwai na rayuwarta. Wannan ne ta kasa haɗiyewa, ya fi korar ɗaci. Ƙarfe huɗu saura kwata, bayan ta yi la'asar, ta saɓa jakar.

Baba Sabo ya zuge zif, ya leƙa, ya dube ta da idonsa da aka gyara.

"Hajiya, kin san ba a shiga da wannan."

"Na sani, Baba. Oga zan kai wa."

"To. Amma abin da ya shiga, sai da takardar oga yake fita. Na dai gaya miki."

A ɗakin taro kowa ya zauna, Oga Abdulmajeed a kan gaba. Mashkura ta ciro Tsohuwa ta ɗora a kan teburin gilashi. Murfinta ya tsage a gefe, maɓalli biyu sun fita, wayar cajar an naɗe ta da baƙin salatif a wuri uku. Wani ya yi 'yar dariya.

"Chineke! Wannan Mama daga wane museum?" in ji Kindness. Sai kuma ta ga fuskar Mashkura, ta daina dariyar.

Mashkura ta jona wuta, ta ciro ƙaramin littafi ta tokare bakin cajar da shi, ta kunna. Fankar Tsohuwa ta ɗauki ƙara kamar injin markaɗe. Da Allura ta buɗe, kowa ya ga shuɗin layin da ke saman allo, alamar ta cikin gida ce. Oga ya kalli layin, ya kalle ta.

"Oga, ka ce in nuna maka. Wannan aikin gwaji ne, yankuna ɗari biyar. A nan jeri yana ɗaukar minti tara."

"Minti tara?" wani ya ce.

"Haka yake ɗauka a wajen Malam Manniru ma. Na tambaye shi."

Suka zauna suna kallon lamba tana rarrafe. Babu wanda a cikinsu ya taɓa jiran Allura ko na minti ɗaya. Da ta kai ɗari biyu da 'yan kai, Mashkura ta miƙa hannu ta fizge wayar daga bango. Tsohuwa ta mutu.

"An ɗauke wuta a Kuje," in ji ta.

Ta mayar, ta kunna, ta buɗe jerin, ta juya allon wajen oga. Ɗari biyu da goma sha biyu cikin ɗari biyar, ga hatimin kammalawa a kai, ga sunan ma'ajiya a gefensa. Ta ce wa Allura ta share tarkace. Allura, cikin ladabinta na kullum, ta kawo yankuna arba'in da ɗaya da ta ce babu mai amfani da su, tana neman izinin sharewa.

Oga Abdulmajeed ya jawo Tsohuwa gabansa. Duk abin da za a ce da shi, ya san aikinsa. Bai yi rabin minti ba ya jingina da kujera ya dafe goshi.

"Hatimin na fara bugawa, sannan rubutu ya biyo," in ji shi, kamar da kansa yake magana. "Don ya yi sauri. A lokacin ina ganin wayo na yi." Ya ɗago. "Mene ne gyaran?"

"A rubuta a gefe, sai an gama a buga hatimi. In babu hatimi, saba ta sake daga farko, Allura kuma kada ta share komai sai jeri ya cika. Layi goma sha ɗaya ne."

Ya buɗe ma'ajiya a gaban kowa, abin da ba a taɓa gani ba. Tana faɗa yana bugawa. Aka sake kunna jeri, aka sake jira, wannan karon shi da kansa ya zare wayar. Da Tsohuwa ta farka, Allura ta ce jerin bai cika ba, a yi haƙuri a jira ta. Kindness ta buga tafi ita kaɗai, sau uku, ta daina.

"Saba tana nan daram," in ji oga. "Aiki ne mai kyau, kuma laifin nawa ne. A rubuta haka, a aika wa Malam Manniru." Ya cire tabarau ya ajiye. "Mashkura, tun yaushe kod ɗinmu yake cikin wannan na'urar?"

"Wata biyu, Oga."

"Wani ya gani?"

"Wallahi babu."

"Na yarda." Ya mayar da tabarau. "Hafizu ma babu wanda ya gani. In na bar ki, me zan ce masa? Me zan ce wa waɗannan gobe?"

"Oga, haba, shi ne fa ya gyara mana..." Kindness ta fara.

"Na sani, Kindness. Na fi ki sani."

Mashkura ta ɗauka za ta yi kuka, amma ba ta yi ba. Abin da ta ji gajiya ce, da wani ɗan sauƙi a ƙarƙashinta. Ta ce ta gode, ta fara naɗe wayar caja, ta miƙa hannu za ta rufe Tsohuwa. Oga ya ɗora tafinsa a kan murfin.

"Wannan ba za ta fita ba. Kod ɗin kamfani na ciki."

"A goge mana, Oga. Yanzu ma zan goge a gabanka."

"Za a kwashe miki hotunanki da takardunki, a aika miki da sabuwa cikin makon nan. Amma wannan muna buƙatarta." Ya kasa haɗa ido da ita. "Duk ginin nan babu na'urar da ke ganin abin da kwastomominmu ke gani sai ita."

Da ta fito da ɗan kwalinta, har an kai Tsohuwa teburin da ke kusa da taga, don nan ne kaɗai ke da soket a sake. Teburinta ne. Wani yana manna mata takardar lambar kayan kamfani a kan tsagin murfin. Kindness ta kama mata kwalin har ƙasa, tana share ido da bayan hannu. Baba Sabo ya zuge jakar, ya ga babu komai, ya zuge ya miƙa mata da hannu biyu.

Ta samu motar Kuje ba tare da ta yi gudu ba. Suka cushe su huɗu a baya, ita a tsakiya, gwiwarta a jikin kwalin. A hanyar filin jirgi motoci suka tsaya cak, direba ya kashe inji, zafi ya rufe su. Ba gaba, ba baya, ba ko wurin miƙe ƙafa. Nan wayarta ta yi ƙara. Saƙon Kindness ne.

"Mama ya ƙi tashi. Mun danna mun danna. Oga ya ce don Allah in tambaye ka yaya ake kunna shi."

Mashkura ta karanta sau biyu. Ta kalli jerin motocin da ba ta ga ƙarshensa ba. Tana iya yin shiru, kuma babu wanda zai ga laifinta. Amma ta san yadda za su yi ta danna maɓallin nan da ƙarfi, su da suka saba da na'urori masu sauri, har su ƙarasa ɓalla shi.

Ta zaro hannunta da ƙyar daga tsakanin kafaɗun mutane ta rubuta: "Ki tokare bakin cajar da littafi, ki ɗan ɗaga shi sama. Ki danna sau ɗaya kawai, sannan ki jira. Ba ta son gaggawa."

Ta aika, ta kife wayar a kan jakar da ke cinyarta.